Yadda ake ajiye jirgin ruwa da injinsa a lokacin hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba, idan iskar hunturu ta kankama, jirage da dama a madatsun ruwan jihar Katsina sukan tsaya da aiki. Ruwa ya yi sanyi, kamu ya ragu, wasu masunta sun koma fadama noman rani, wasu sun tafi cin rani, ruwan kansa kuma yana ja da baya sannu a hankali. A Zobe ta Dutsin-Ma, da Jibiya, da Ajiwa, da Sabke da Daberam a ƙasar Daura, za ka tarar da kwale-kwale a bakin gaɓa rana tana dukansa, injin kuma an jingine shi a lungun zaure da sauran fetur a cikinsa. Bayan wata uku ko huɗu a zo tayarwa, ya ƙi. Da yawa daga injinan da ake kai wa makaniki a farkon damina ba a kan ruwa suka lalace ba, a wurin ajiya suka lalace.

A Turai da Amurka abin da masu jirage suke gudu shi ne ruwan da ya saura cikin inji ya daskare ya fasa ƙarfe. Sanyin Katsina, ko a tsakiyar Janairu, ba ya daskarar da ruwa. Namu matsalolin daban ne: fetur da ke tsufa ya toshe kafireto, ruwa da ya ɓuya cikin giya yana cin ƙarfe, ƙurar da ke shiga ko'ina, busasshiyar iska mai tsaga katako, sai gara da ɓera da zanzaro. Yawancin aikin na yini ɗaya ne, amma jerinsa yana da muhimmanci, domin akwai abin da sai inji yana da zafi ake yinsa.

Kayan da za ka tanada

Ganga ko rabin durom mai tsabta da ruwa mai kyau, man giya mai lamba SAE 90, man inji na tu-sirok (injin da ake gauraya wa fetur da mai) mai alamar TC-W3, giris mai jure ruwa, sifanar fulogi, babbar sukundireba mai faɗin baki, filaya, ƙananan washa guda biyu na kusoshin giya, sabon fin na farfela (fankar da ke tura jirgi a ruwa), sirinji babba ko robar matsa mai, tsumma, omo, buroshi, da wani kwano na tarar tsohon mai. Idan injin fo-sirok ne, wato mai shan fetur zalla ba gauraye ba, ƙara da baƙin mai 10W-30 ko 10W-40 da sabuwar filta in yana da ita. Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga injinan tu-sirok masu ƙarfin doki 15 zuwa 40, irin Yamaha Enduro da takwarorinsa na Suzuki da Tohatsu, domin su suka fi yawa a hannun mutanenmu.

Fara da farfela

Kafin komai, sa giya a firi, cire makullin igiyar kashe inji (ɗan maƙalin da in an zare shi inji yake mutuwa), sannan ka zare hulunan fulogi. Farfela tana iya tayar da inji idan aka juya ta da ƙarfi giya tana ciki, kuma yatsu ne a wurin. Miƙe fin ɗin da filaya ka zare shi, sa guntun katako tsakanin fiffiken farfela da farantin da ke samanta don kada ta juya, ka kwance noti. Jera kayan a kan tsumma yadda suka fito: noti, washa, farfela, sai washa mai kauri da ke can ciki. Wannan ta cikin ita ce mutane suke mantawa wajen mayarwa, farfela ta riƙa gugar gidan giya har ta ci shi.

Yanzu duba shaf, wato sandar ƙarfen da farfela take zaune a kai, da kyau. A dam inda ake zuba kalli da mamari kullum, da wuya ka buɗe ba ka tarar da zaren nailan ya nannaɗe a bayan washa ba. Zaren nan zafi yakan narkar da shi ya zama zobe mai tauri, har ka ɗauka wani ɓangare ne na injin. Shi ke yanka sil ɗin roba da ke tare man giya, mai ya fita, ruwa ya shiga. Cire shi duka da tsinke ko bakin ƙaramar sukundireba, a hankali, kada kai ma ka huda sil ɗin. Juya shaf da hannu ka kalli bakinsa: idan yana rawa, ya lanƙwashe, aikin makaniki ne. Farfelar ma ka duba ta, ƙaramin karo a baki ana gyara shi da magagari, amma wadda fiffikenta ya karye ko ya karkace tana girgiza inji har ta kashe boris. Ajiye ta gefe, ba za a mayar ba sai an gama.

Wanke hanyar ruwa

Ruwanmu ba na gishiri ba ne, amma yana da laka da yashi, musamman a ƙarshen damina. Lakar nan takan kwanta a hanyoyin sanyaya inji, idan ta bushe wata uku sai ta zama dutse. Ɗaura injin a kan katako mai ƙarfi, ƙafarsa a cikin ganga, ka cika ruwa har ya haura farantin da ke saman farfela da kamar faɗin tafin hannu, yadda famfon ruwa zai nutse. Kada ka tayar da inji a busasshe ko na daƙiƙa kaɗan ne, da sunan gwaji. Famfon ruwan farfelar roba ce ƙarama da ke juyawa cikin kofin ƙarfe, ruwa ne ke sanyaya ta, in babu shi nan take take ƙonewa.

Don wannan tashi na ƙarshe, haɗa fetur sabo lita 2 da man tu-sirok mililita 80. Haɗin yau da kullum na yawancin waɗannan injina shi ne 50:1, wato mililita 20 a kowace lita, rabin lita na mai ga tanki mai lita 25. Yau kaɗai za ka ninka shi, don man ya shafe kiranshaf da boris da kyau kafin su yi dogon zama. Hayaƙi zai yi yawa, ba matsala ba ce, amma a fili za a yi aikin, ba cikin ɗaki ko shago ba.

Mayar da hulunan fulogi da makulli, tayar da injin a firi, ka bar shi a silo minti 10 zuwa 15. Kada ka taka masa wuta, inji marar farfela ba shi da abin da zai riƙe shi. Idonka a kan ɗan ramin da ruwa ke tsartowa a bayan inji. Ruwan ya fito da ƙarfi, a miƙe, da ɗan ɗumi. Idan yana ɗiga ne kawai, zura siririyar waya ko zaren nailan mai kauri a ramin, sau da yawa yashi ne ya toshe baki. In ka zura bai canza ba, kashe injin, farfelar roba ta gaji ko kuma hanya ta toshe daga ciki. Idan ruwan gangar ya yi ja da laka, zubar ka sake sabo.

Fetur: nan ne yawancin ɓarnar take

Fetur ba ya zama. Cikin 'yan makonni sassansa masu sauƙi suke tashi, musamman a iska mai bushewa irin ta hunturu, abin da ya rage ya yi kauri, ya yi ɗanko, ya koma launin ruwan goro mai wari daban. A cikin kafireto akwai jet masu ƙananan ramuka, na silo ya fi kowanne ƙanƙanta, shi ne farkon toshewa. Alamarsa a bayan ajiya sananniya ce: inji ya tashi da cok, da ka mayar da cok ya mutu, ko ya ƙi tsayawa a silo sai an riƙe masa wuta. A injin tu-sirok abin ya fi muni, domin fetur ya tashi ya bar man da aka gauraya shi kaɗai a ƙasan kofi.

Saboda haka, inji yana cikin aiki a ganga, zare tiyon mai daga jikinsa ka bar shi ya shanye abin da ke cikinsa. Da ka ji ya fara shaƙewa, ja cok, zai ƙara tsotse ragowar, sannan ya mutu da kansa. A silo kawai ake wannan, domin man da ke shafe fistin tare da fetur yake zuwa. Idan injinka mai kafireto biyu ne ko uku, kada ka bi wannan hanya: ɗaya takan riga ɗaya ƙarewa, silinda guda ta ci gaba da gudu babu mai. Irin wannan sai a kashe shi a tsiyaye kowace kafireto da hannu.

Ko ya mutu da kansa, bai ƙare ba. A ƙasan kofin kafireto akwai ƙaramar kusa ta tsiyayewa. Sa tsumma a ƙasa, sassauta ta, za ka ga kamar cokali ɗaya ko biyu ya fito, wani lokaci da ɗigon ruwa da baƙin gari. Wannan ɗan ragowar shi ne ke yin ɗanko. Bar shi ya gama, ka ɗaure ba da ƙarfi sosai ba, kusar tagulla ce, bakinta yana saurin lalacewa. Daga nan kwance kofin filtar mai, zubar da abin da ke ciki, wanke ragar da fetur mai tsabta, ka tabbata zoben robar ya zauna daidai kafin ka mayar.

Tiyon mai da ƙwallon matsawa su ma a zubar da na cikinsu: danna ɗan ƙwallon ƙarfen da ke bakin mahaɗi da tsinke, ɗaga ɗaya bakin sama, ka matsa har ya daina fitowa. Lanƙwasa tiyon ka duba, in ya yi tsatstsage ko ya yi tauri, sabo za ka saya, domin tiyo mai shan iska yana hana inji samun mai daidai, inji ya yi zafi. Tankin kuwa, juye shi kakaf. Feturin da aka riga aka gauraya ba asara ba ne, ƙaramin janareta mai cin gauraye zai sha shi cikin mako guda. Ɗauraye tankin da ɗan sabon fetur, a bar shi ya bushe a inuwa, a rufe murfi da ƙaramar kusar iskar da ke kansa. Tankin ƙarfe a zuba masa man tu-sirok kamar cokali uku a jujjuya, don kada cikinsa ya yi tsatsa. Tanki marar mai ya fi cikakke haɗarin kama wuta, tururin da ke ciki ne ke fashewa. A lokacin da kowa ke hura wutar jin ɗumi, kada a ajiye shi kusa da murhu ko ɗakin da ake kwana.

Man giya, tun yana da ɗumi

Fito da injin daga ganga, tsayar da shi a miƙe. A gefen gidan giya akwai kusoshi biyu masu faɗin kai, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Sa kwano, fara kwance ta ƙasa, sannan ta sama, sai man ya zubo. Sukundirebar ta cika bakin kusar tam, ka danna da ƙarfi kafin ka juya, domin idan bakin ya cinye, fitar da ita wahala ce. Ba shi minti 10 ya tsiyaye.

Kada ka yi saurin kawar da kwanon, man nan yana gaya maka halin da giya take ciki. Mai baƙi ko ruwan zuma mai duhu, tsufa ne kawai. Idan ya fito fari-fari kamar shayin da aka zuba wa madara, ruwa ya shiga, sil ya mutu. Idan ruwa zalla ne ya fara zubowa kafin mai, abin ya daɗe. Kusar ƙasa a yawancin injina tana da maganaɗisu a bakinta: laushin garin ƙarfe mai kama da toka ba komai ba ne, amma ɓarɓashi da kake ji a yatsa yana nufin haƙoran giya ko boris sun fara ci. Wari na ƙuna kuma alamar an yi gudu da ƙarancin mai.

Dalilin da ya sa ake canza man yanzu, ba sai an zo komawa ruwa ba, shi ne ruwan da ke gauraye da mai yakan rabu idan inji ya zauna, ya kwanta a ƙasa, daidai inda boris da haƙoran giya suke. Wata uku a haka ya isa su yi tsatsa mai ramuka, kuma kuɗin gidan giya babban kaso ne na kuɗin injin. In ka ga ruwa, ka zuba sabon mai duk da haka don ya kare ƙarfen, sannan a kai wa makaniki ya canza sil a wannan lokaci da ba a gaggawa.

Daga ƙasa ake cikawa. Sa bakin robar mai ko sirinji a ramin ƙasa, ka matsa a hankali har man ya fito ta ramin sama babu kumfa. Wanda ya zuba ta sama, iska takan tare shi, ya ɗauka ya cika alhali rabi ne. Kana riƙe da robar a ƙasa, ɗaure kusar sama tukuna, wannan zai riƙe man, sai ka zare robar ka yi maza ka ɗaure ta ƙasa. Kowace kusa da sabuwar washa, kuma ka tabbata tsohuwar ba ta maƙale a ramin ba. Injin doki 15 yana cin kusan mililita 250, na 40 bai kai rabin lita ba, ainihin adadin yana cikin littafin injin. Tsohon man a zuba a galan a kai wa masu gareji. Kada a zubar a bakin dam, ruwan Ajiwa dai shi mutanen birnin Katsina suke sha.

Mai injin fo-sirok, a nan ne zai juye baƙin mai shi ma tun da zafinsa, ya canza filta, ya zuba sabo zuwa alamar sandar awo. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da datti mai cin ƙarfe, ba a barin inji ya kwana watanni da shi.

Silinda da fulogi

Cire makullin igiyar kashe inji, don kada wuta ta yi tartsatsi. Goge gefen fulogi kafin ka kwance, ƙasa kada ta faɗa ciki. Kalli bakin kowanne: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne, baƙi mai danshi mai ya yi yawa ko an daɗe ana tafiya a silo, fari fat kuma inji yana zafi ko mai ba ya isarsa. Wanda ya fito wanke tas da ɗigon ruwa a jiki, gaskit ɗin kai ya fara ba da ruwa, kada a ajiye injin a haka.

Karkata injin yadda ramukan fulogi za su kalli sama, zuba man tu-sirok ƙaramin cokali ɗaya, kamar mililita 5, a kowace silinda. Ja igiya a hankali sau biyar ko shida man ya bi jikin silinda da ringi. Wannan shi ke hana ringi kamawa. Tun da igiyar tana hannunka, jawo ta har ƙarshe ka duba, in ta fara tsinkewa a kusa da mariƙi ko can ciki, canza ta. Mayar da tsofaffin fulogin, fara ɗaurawa da hannu don kada zaren ya hau karkace, sannan ka ƙara kaɗan da sifana. Sababbi ka adana su sai bayan tashin farko, domin man da ka zuba zai ɓata su. Wajen saye ka bi lambar da ke jikin na asali. A fulogin NGK, wanda lambarsa ta ƙare da 10, kamar B7HS-10, tazarar bakinsa milimita 0.9 zuwa 1.0 ce, marar wannan lamba kuma 0.6 zuwa 0.7. Daga ƙarshe ja igiya sannu har ka ji ta yi tauri, ka sake ta a nan.

Giris, wanka da wurin zama

Bi duk kan nonon giris da ke jikin maƙalar inji, inda yake juyawa hagu da dama da inda ake ɗaga shi, ka matsa har tsohon ya fito. Shafa a zaren kusoshin da ke damƙe inji a jikin jirgi, da mahaɗan totur da na giya. Shafe shaf ɗin farfela sosai kafin ka mayar da ita, in ba haka ba za ta manne har sai an sa wuta. Sabon fin za ka sa, wanda aka lanƙwasa sau biyu karyewa yake. Idan wurin ajiyar ba amintacce ba ne, bar farfelar a cikin ɗaki, ka naɗe shaf da tsumma. Ɗan guntun ƙarfe mai launin toka da ke ƙafar inji an sa shi ne don tsatsa ta ci shi maimakon injin: kankare shi, kada a shafa masa fenti ko giris, in rabinsa ya tafi a canza. Wanke jikin injin da omo, goge, taɓa fenti inda ya kankare, ka fesa WD-40, man feshi mai hana tsatsa, sama-sama a kan ƙarafan da ke ƙarƙashin murfi.

Bar shi a tsaye aƙalla yini guda ruwa ya gama sauka. Tsayen nan shi ne zamansa mafi kyau: a kafa katako mai kauri a bango ko a yi masa jaki, a ɗaure shi kamar yadda yake a jirgi, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. In dole sai an kwantar, kai ya fi ƙafa tudu, domin ruwan da ya saura yana iya bin hanyar hayaƙi ya koma silinda. Fo-sirok gefe ɗaya kawai ake kwantar da shi, akwai alama a jikinsa, in aka saɓa baƙin mai ya cika silinda.

Bayan ya bushe, toshe ramin tsartuwar ruwa da bakin farfela inda hayaƙi ke fita da salatif ko tsumma. Zanzaro yana son irin waɗannan ramuka, ginin laka ɗaya ya isa ya hana ruwa fita. Ɗaura jan ƙyalle a mariƙin totur don ka tuna akwai abin cirewa. Rufe injin da tsohon zane ko buhun algarara, ba leda ba, leda tana tara gumi tsakanin sanyin dare da zafin rana. Kada a ajiye shi a ɗakin hatsi, ɓera zai shiga ƙarƙashin murfi ya ci wayoyi, kuma kada a haɗa shi da buhunan takin zamani, taki yana jawo tsatsa. Rubuta lambar injin da ke jikin maƙala, ka ɗauke ta hoto a waya, sannan a zura kwaɗo a hannuwan kusoshin damƙewa. Duk wata a leƙa shi, a ja igiya sau biyu a hankali.

Mai batir ya fara cire waya mai alamar ragi, sannan ta tarawa. Wanke kawunan, shafa giris, cika ruwan batir in mai buɗewa ne, yi masa caji ya cika. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mitar auna wuta, da ya sauka zuwa 12.4 a sake caji. Wanda aka bari ya mutu wata biyu ba ya dawowa yadda yake.

Jikin jirgin

Kwashe komai: koma, birgi, igiyoyi, anka, filafili, katakan shimfiɗa. Wanke ciki da waje tun jikin yana da danshi, gansakuka da laka sun fi saurin fita kafin su bushe. Ƙamshin kifi da ɓawonsa da suka maƙale a lunguna su ne ke kiran ɓera da tururuwa.

Jirgin katako shi ya fi shan wahalar hunturu. Katako yana kumbura da ruwa, shi ya sa mahaɗansa suke rufe. Idan ya fito tudu a lokacin da laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alluna su tsuke, mahaɗai su buɗe har ka hango haske, kwalta ta ɓantare, kusoshi su yi sako-sako. Kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya, ko na maɗaci ne, yakan tsage daga baki ko daga gindi, tsaguwar da ba ta komawa.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta iyaye da kakanni: a nutsar da shi a ruwa marar zurfi, a danne da duwatsu, a kafa sanda alama, a sanar da Sarkin Ruwa inda yake. Katakon da ke cikin ruwa gaba ɗaya ba ya tsagewa, gara kuma ba ta kai masa. Sharaɗin shi ne ya nutse duka. Ruwan dam yana ja da baya a rani, ga masu ban ruwa suna ja, wurin da ya kai ƙirji a Disamba yana iya zama taɓo a Maris. Rabi a ruwa rabi a rana ya fi komai ɓata katako, don haka duk mako biyu a je a gani, a matsar da shi ciki in da bukata.

Ta biyu, a fito da shi a kife a inuwa, a kan duwatsu ko bulo, tazarar kamu biyu daga ƙasa, da matokara uku ko huɗu don kada tsakiyarsa ya lotsa. Kada katako ya taɓa ƙasa ko kaɗan, kuma kada matokaran su zama na itace, gara za ta bi su ta hau. A yi masa rumfar zana ko a ɗaura tamfol sama da shi yadda iska za ta ratsa, gefen arewa maso gabas da iskar ke bugowa a kare shi sosai. Sau ɗaya ko biyu a mako a watsa masa bokitin ruwa. A share ciyawa taku biyar kewaye da shi, lokacin ƙunar daji ne, jirgi mai kwalta kuma ba ya jiran wuta ta daɗe. Bi jikinsa da bakin wuƙa kana dannawa, inda ta shige da sauƙi katakon ya ruɓe, a sa alama da alli a canza allon. Toshe mahaɗai da auduga da kwalta kuwa a bar shi sai saura mako guda a koma ruwa, kuma kada a cusa da yawa a busasshen katako, idan ya kumbura zai tura allunan su buɗe. Wanda duk yake ɗaukar mutane ya riƙe wannan da gaske. Jama'ar ƙasar Daura ba su manta da kifewar kwale-kwale a ƙaramar hukumar Mai'adua ba a watan Mayun 2022, cikin bukukuwan ƙaramar Sallah, inda aka rasa yara.

Jirgin faiba rana ce abokiyar gabarsa, tana cinye ƙyallinsa ya koma gari-gari, don haka inuwa ko rufi. Cire toshiyar gindi, ɗaga gaba sama ruwa ya fita, ka ɗaure toshiyar a jikin jirgin kada ta ɓata. Ƙwanƙwasa allon baya inda ake ɗaura inji: ƙara mai kauri lafiya, ƙarar fanko na nufin katakon da ke ciki ya sha ruwa. Na ƙarfe a kankare tsatsa har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa jan fenti na ƙasa sau biyu kafin na sama, a duba layukan walda. Rigunan kariya a wanke, a shanya a inuwa, a rataye, wadda soson cikinta ya mutu ko maɗaurinta ya tsinke a fitar da ita daga lissafi.

Ranar komawa ruwa

Jirgin katako da ya zauna a tudu a jiƙa shi a bakin gaɓa kwana biyu ko uku ya kumbura, a kwashe ruwan, a ga ko yana ƙara shiga kafin a ɗora masa inji. A injin, cire duk abin da ka toshe. Farfelar roba ta famfon ruwa yanzu ne lokacin canza ta idan ta shekara, domin zama wuri ɗaya yana sa fikafikanta su sandare a lanƙwashe; wajen sa sabuwa a juya shaf ta hannun agogo yayin da ake danna kofin. Sassauta kusar giya ta sama ka tabbata man yana nan, ka duba ƙasan inda injin ya tsaya ko ya ɗiga. Haɗa sabon fetur a 50:1, buɗe kusar iskar tanki, matsa ƙwallo har ya yi tauri, ka tayar a ganga. Zai yi hayaƙi na 'yan mintuna, man da ka zuba ne yake ƙonewa. Idan ya lafa, sa sababbin fulogi, ka gwada giyar gaba da ta baya. Fitar farko a yi ta kusa da gaɓa, babu fasinja, da filafili a cikin jirgi, minti 20 ana sauraron inji ana duban ruwan da yake tsartowa.